Tsofaffin Sulalla Da Dalar Azurfa: Ka San Kuɗin Abinka Kafin Ka Ce Ka Sallama



Duk wanda ke cikin zaurukan WhatsApp na 'yan kara ko na 'yan canji ya taɓa cin karo da irin saƙon nan: hoton kwabo mai huji, ko wani tsohon sule da ya yi baƙi ƙirin, a ƙasa an rubuta wai Turawa na nemansa ruwa a jallo, ƙwaya ɗaya miliyan kaza. A ɗaya gefen kuma ga masu yawo gida-gida da ɗan sikeli a aljihu, suna tambayar tsofaffi ko akwai kuɗin da a ƙasan adaka, su miƙa dubu biyu ko uku su kwashe gaba ɗaya. Na farkon kwaɗayinka yake so ya yi amfani da shi, na biyun kuma rashin saninka. Duka biyun ana maganinsu da abu ɗaya, wato mutum ya iya yi wa abinsa kuɗi da kansa.

Ni a Keffi nake, kuma a kara na tashi, sana'ar mahaifina ke nan. Saboda haka da harshen kara zan yi bayanin. Kowane sa da aka shigo da shi kasuwa yana da kuɗi iri biyu. Akwai kuɗin mahauci, wanda ba ruwansa da kyan ƙaho ko launin fata, shi dai ya shafa ƙugu da gadon baya ya ƙiyasta kilo nawa zai fitar. Akwai kuma kuɗin mai sha'awa, wanda yake neman bijimin iri ko na kai wa surukai, zai iya ɗora wani abu a kan kuɗin nama saboda dabbar ta shiga ransa. Tsohon kuɗin ƙarfe ma haka yake. Yana da kuɗin azurfar da ke jikinsa, wanda sikeli ke faɗa, ba gardama. Yana kuma iya samun kuɗin masu tara tsofaffin kuɗi, wanda ya danganta da ƙarancin irinsa da lafiyar jikinsa. Mafi yawan abin da ke gidajenmu kuɗin mahauci kawai yake da shi. Amma fa kuɗin mahaucin nan ba abin rainawa ba ne, kuma shi ne ake yi wa mutane wayo a kai.

Kafin mu je ga lissafi, ya kamata a san yadda aka yi azurfar nan ta shigo hannun kakanninmu, don tarihin ne zai gaya maka wanne ne na gaske.

Kafin zuwan Turawa da wuri ake ciniki, ita kanta kalmar kuɗi jam'in wuri ce. Matsalar wuri nauyi. Idan cinikin ya yi girma sai an nemi jaki ya ɗauki kuɗin. Shi ya sa manyan fatake suka riƙa ajiye dukiyarsu a cikin wata babbar azurfa da ke zuwa ta Sahara da ta hanyar Makka, mai hoton wata mata mai jiki sanye da mayafi, bayanta kuma gaggafa mai kai biyu. Ita ce dala ta asali. Matar sunanta Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya. Baturen nan matafiyi ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canja dala ɗaya a kan wuri 2,500. Keffi kuwa tana kan hanyar fataken da ke tasowa daga Kano da Zariya su gangara Nasarawa su tsallake Binuwai a Loko, don haka ba abin mamaki ba ne a samu irin wannan dalar a tsofaffin gidajen cikin gari har yau.

To ga inda mutane ke ruɗewa. Duk dalar nan da za ka gani, 1780 aka rubuta a jikinta. Sai mutum ya lissafa ya ce ai ta haura shekara ɗari biyu da arba'in, lallai na yi arziki. A'a. A 1780 ne sarauniyar ta rasu, kuma saboda Larabawa da Habashawa da mu nan ba ma karɓar wata dala sai mai wannan kamar, aka ci gaba da buga ta da wannan shekarar ba a canja ba. An buga ta a Biyana, an buga a Landan, da Faris, da Rum, da Bombay, ɗaruruwan miliyoyi, kuma har gobe gidan buga kuɗi na Ostiriya na fitar da sabuwa fil da 1780 a jiki. Saboda haka shekarar ba ta gaya maka komai. Abin da ke da amfani shi ne nauyinta: giram 28.07, kuma cikin kowane kashi dubu na jikinta kashi 833 azurfa ce. Wato akwai tsantsar azurfa giram 23.4 a ciki. Ka riƙe wannan lambar. Maƙeran farfaru na ƙasar Hausa sun daɗe da saninta, shi ya sa ita suke narkawa su yi mundaye da zobba da kayan doki, kuma dalolin da suka shiga wuta ta wannan hanyar Allah kaɗai Ya san yawansu.

Da Turawan Ingila suka ci ƙasar, sai suka ce haraji da jangali da kuɗinsu za a biya. Da farko sulallan Ingila ne da kansu ke yawo, masu kan Sarauniya Biktoriya da ɗanta Edward na bakwai. Da suka ga azurfarsu na kwararowa Afirka ta Yamma da yawa, sai a 1912 suka kafa hukumar kuɗi ta musamman don Najeriya, Gwalkwas wato Gana ta yanzu, Saliyo da Gambiya. A 1913 hukumar ta fitar da kuɗinta na azurfa guda huɗu: taro, sisi, sule, da fataka mai sule biyu, wadda wasu ke kira dala ita ma. Gaba ɗayansu kan Sarki Joji na biyar ne a jiki da kambi a kansa. Sule da fataka suna da bishiyar kwakwar manja a baya, an rubuta British West Africa. Waɗannan azurfarsu ta ma fi ta babbar dala kyau, kashi 925 cikin dubu.

Wannan lokacin ya zo daidai da buɗewar hanyar kudu. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, an yanka wa Hausawa unguwar Sabo a Ibadan a 1916, shanu na gangarawa goro na hawowa. Masu gidan da ke sauke fatake su ne bankin wancan zamanin, a ɗakinsu ake ajiye kuɗin baƙi. Shi ya sa nake ganin ku da ke tsofaffin zanguna kun fi mu damar cin karo da waɗannan sulallan, a tsohuwar adaka, ko a tukunyar da aka tono wajen gyaran gida.

Sai dai shekarun azurfar ba su da yawa. Bayan yaƙin duniya na farko farashin azurfa ya yi tashin gwauron zabo, har ƙarfen da ke jikin sule ya nemi ya fi sulen kansa daraja. A 1920 aka fara rage ta zuwa rabi, a cikin shekarar kuma aka daina gaba ɗaya aka koma wani haɗin tagulla mai ruwan ɗorawa. Mutanenmu ba wawaye ba ne. Da suka ga sabon sule ya canja launi, sai suka riƙa kashe sabon suna ɓoye tsohon, wasu su binne, wasu su kai wa maƙeri. Saboda haka ƙa'idar a taƙaice: taro, sisi, sule ko fataka na British West Africa daga 1913 zuwa 1919 azurfa ce mai kyau. Na 1920 sai an duba da kyau, don a shekarar an yi mai kyau, an yi rabi-da-rabi, an yi na tagulla. Daga 1921 zuwa sama babu ko ɗigon azurfa, komai tsufansa. Haka kuɗin Tarayyar Najeriya na 1959 masu kan Sarauniya Elizabet, mafi yawansu fari ne sol amma ba azurfa ba ne, haɗin tagulla da nikel ne. Balle kwabban da suka zo tare da naira a 1973.

Idan kuma sulen na Ingila ne kanta, ba na Afirka ta Yamma ba, lissafinsa daban: har zuwa 1919 kashi 925, daga 1920 zuwa 1946 rabi, daga 1947 babu komai.

Masu huji fa? Anini da ɗari da kwabo, masu tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci? Su ne aka fi yaɗa hotonsu a waya, kuma su ne ba su taɓa ganin azurfa ba tun da aka fara buga su a 1907. Abin sha'awa ne a riƙe, ni ma ina son su, musamman na 1936 masu sunan Edward na takwas, sarkin da ya sauka daga mulki a cikin shekarar da ya hau. A Ingila ba a kai ga sakin kuɗi da sunansa ba, amma a nan an saki, saboda kuɗi mai huji ba ya buƙatar hoton fuska. Labari ne mai daɗi, sai dai an buga su da yawan gaske, mutane kuma suka adana, don haka a kasuwar masu tarawa kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Wanda ya ce maka kwabo mai huji zai saya maka gida, ko bai sani ba ne, ko kuma ya san abin da yake yi.

Yanzu sai lissafin mahauci. Sulen azurfa sabo nauyinsa giram 5.66, tsantsar azurfar ciki giram 5.23. Fataka ninki biyu, giram 11.31, tsantsa 10.46. Sisi rabin sule, giram 2.83, tsantsa 2.62. Taro kuma giram 1.41, tsantsa 1.31. A kasuwar duniya da oza ake sayar da azurfa, kuma ozar zinariya da azurfa giram 31.1 ce. Farashin yana canjawa kullum kamar na dalar Amurka, kuma a waya kake ganinsa kyauta. Ka duba kuɗin oza ɗaya a ranar, ka raba da 31.1, ka juya shi zuwa naira da canjin ranar, ka samu kuɗin giram ɗaya.

Bari in ɗauki wata lamba don misali kawai, ba farashin yau ba ne: a ce giram ɗaya ya kama naira 2,000. Sule ɗaya ya tashi 10,460. Fataka 20,920. Sisi 5,240. Babbar dala kuwa kusan 46,800. Idan tsohuwa tana da sulalla ashirin a ƙulle a tsumma, fam guda ke nan a lissafin da, azurfar ciki ta haura giram 104, wato sama da naira dubu ɗari biyu a wannan misalin. Ka ga wanda ya zo ya ba ta dubu biyar yana cewa "Hajiya ai an daina karɓarsu, taimaka miki zan yi", ba taimako ya zo yi ba. Rashin sani, kaza ta kwana kan dami.

Gaskiya dai ba wanda zai ba ka cikakken wannan kuɗin. Mai saye zai cire ribarsa da kuɗin narkawa, kuma sulen da ya sha hannu ya goge yakan rasa ɗan nauyi, shi ya sa ake ɗora shi a sikeli maimakon a ƙirga. Amma akwai bambanci tsakanin a rage maka la'ada da a ba ka kuɗin akuya a kan sa.

Ta yaya za ka tabbatar azurfa ce? Mutane sun fi sanin gwajin maganaɗisu, kuma yana da amfani rabi. Idan ya kama, ka jefar da zancen, ba azurfa ba ce. Idan bai kama ba, ba ka tabbatar da komai ba tukuna, don tagulla da haɗin nikel ɗin nan ma ba ya kama su. Tsofaffi kuma da kunne suke gwadawa: ka ɗora a kan yatsa ka ɗan buga da wani, azurfa za ta yi ƙara siririya mai daɗewa, dalma da jabu kuwa sai ka ji "kwaf". Wanda ya fi duka shi ne sikelin masu zinariya, ɗan ƙaramin nan mai batir da ke auna har ɗigon giram. Azurfa ta fi tagulla nauyi, don haka jabun da aka yi daidai girman dala zai faɗo wajen giram 24, ba zai kai 28 ba. Idan kuma ya kai nauyin, to za ka ga ya fi ta gaske kauri. Dalar gaske tana da rubutu mai tudu a kewayen bakinta, na jabu yakan fito a dagule ko ka ga layin inda aka haɗa zubi.

Akwai wani gwajin da muka yi a ajin kimiyya a sakandare, ban taɓa zaton zai yi rana ba. Ka ɗora ƙaramin kofin ruwa a sikeli ka mayar da shi sifiri. Ka ɗaura dalar da zare ka nutsa ta cikin ruwan ba tare da ta taɓa ƙasa ko gefe ba. Lambar da sikelin ya nuna sai ka raba nauyin dalar da ita. Idan amsar ta kama goma da ɗan wani abu, azurfa ce. Idan ta tsaya a takwas da rabi zuwa tara, tagulla ce aka yi wa wanka. Ga dala da fataka yana aiki sosai, ga taro kuwa ya yi ƙanƙanta, sikelin zai ruɗe ka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kankare jikin kuɗi da wuƙa ko a ɗiga masa ruwan batir. Wasu masu saye da gangan suke yin haka, don da zarar an ji masa rauni ya tashi daga hannun mai sha'awa ya koma na mahauci.

Mu zo kan kuɗin mai sha'awar. A nan gara in kawo misalin Amurka, don su ne suka mayar da tara tsofaffin kuɗi babbar kasuwa, kuma ku 'yan canji da masu harkar motocin da ake saukewa a Apapa da masu buɗe dilar gwanjo kuna cin karo da ƙananan kuɗinsu. Akwai wani ɗan mitsitsi da suke kira daim, santi goma ke nan, kusan girman taro. Mafi yawan daim da aka buga daga 1964 zuwa baya azurfa ce kashi 90 cikin ɗari, nauyinsa giram 2.5, tsantsa 2.25. Guda goma sha huɗu sun yi oza. Daga 1965 suka cire azurfar, kuma ganewa ba wuya: ka dubi bakinsa ta gefe, idan ka ga jan layi na tagulla a tsakiya sabo ne, santi gomansa kawai yake.

To a cikin na azurfar ma ba duka suka zama ɗaya ba. Na 1964 mai kan shugaba Roosevelt an buga sama da biliyan biyu, don haka kuɗin nauyinsa kawai zai ba ka. Amma akwai wanda aka yi daga 1916 zuwa 1945, mai hoton mace da hula mai fukafukai, suna ce masa Mercury. A shekarar farko, 1916, gidan buga kuɗi na Filadelfiya ya fitar da sama da miliyan 22, na garin Denba kuwa 264,000 kacal. Bambancinsu ɗan harafin D ne a baya, can ƙasa, wanda sai ka kanne ido za ka gani. Marar harafin, in ya goge, kuɗinsa bai wuce na azurfarsa da ɗan ƙari ba. Mai harafin kuwa ko ya goge ana sayensa ɗaruruwan daloli, mai lafiya dubbai. Akwai ma wani na 1894 da aka buga guda 24 tak a San Faransisko, tara aka sani sun rage, an sayar da irinsa sama da dala miliyan ɗaya. Irin wannan labarin ne 'yan damfara ke ɗauka su liƙa a jikin kwabo mai huji.

Ka lura da abin da ya ba shi daraja. Tsufa bai shigo ciki ba, don akwai kuɗin Rumawa na shekara dubu da ɗari bakwai da ake sayarwa da arha saboda an tono su tuli. Abu uku ne: guda nawa aka buga kuma nawa suka rage, yaya lafiyar jikinsa, sannan mutum nawa ke nemansa da kuɗi a hannu. Na ukun nan shi ne inda namu suke da rauni. Masu tara kuɗin Amurka suna da yawa kuma suna da hali, masu tara na British West Africa kaɗan ne. Duk da haka akwai su, kuma su ma suna duban shekara da ɗan harafin gidan bugawa: H na kamfanin Heaton, KN na King's Norton, dukansu a Birmingham, marar harafi kuma yawanci na gidan sarauta ne. Wata shekarar da wani harafin sun fi wasu wuyar samu. Ka nemi gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo ka duba kowanne, ka rubuta shekara da harafi, sannan ka shiga shafin Numista ka nemi irinsa, za ka ga nauyi da haɗin ƙarfe da adadin da aka buga.

Batun lafiyar jiki kuwa har ma'auni suka yi masa, daga 1 zuwa 70. Ɗaya shi ne wanda ya goge har da ƙyar ake gane shi, saba'in kuma kamar yanzu ya fito daga injin. Akwai kamfanoni biyu a Amurka, PCGS da NGC, da aikinsu ke nan, su duba su ba da lamba su rufe a cikin roba. Amma kuɗin aikawa da na dubawa ya fi ƙarfin yawancin abin da ke hannunmu, sai in ka tabbatar abin naka na musamman ne. A ido dai, ka dubi wuraren da suka fi tudu: kambin sarki, gemunsa, ganyen kwakwar. Idan ana ganin zanensu ɗaya-ɗaya, kada ka sayar a kilo. Idan sun shafe sun yi sumul, na sikeli ne.

Kuma don Allah kada a wanke. Wannan ita ce ɓarnar da ta fi yawa, kuma da kyakkyawar niyya ake yin ta. Mu a kara dabba sai an wanke ta an ba ta dusa ta yi sheƙi take kuɗi, to a nan akasin haka ne. Baƙin nan da azurfa ke yi in ta daɗe, masu tarawa so suke su gan shi, shi ne shaidar ba a taɓa ta ba. Da zarar ka sa toka, ko lemun tsami, ko man goge baki, ko Brasso, ka bar ƙananan zane a jiki waɗanda gilashi zai nuna, darajar mai sha'awa ta tafi kuma ba ta dawowa. Haka wanda aka huda ko aka yi wa kunne da walda don a rataya, irin wanda matan Fulani ke jerawa a kitso da sarƙa. A matsayin kuɗi ya koma na nauyi. Sai dai a nan ina da ra'ayi: idan sarƙar ko adon kan yana nan a haɗe yadda aka yi shi tun da, kada a tsinke shi don a auna. A haɗen ya fi daraja wajen masu sayen kayan gargajiya irin na Kasuwar Kurmi a Kano ko kasuwar kayan tarihi ta Lekki, kuma ko ba don kuɗi ba, abin kaka ne.

Wajen duba farashi a intanet ma akwai tarko. Za ka shiga eBay ka ga wani ya sa wa sule irin naka dala dubu biyar, sai zuciya ta fara bugawa. Kowa na iya yanka wa sansa kuɗin da ya ga dama, ai ba a hana mutum ya ce miliyan goma ba. Abin tambaya shi ne nawa aka sallama. A shafin akwai wurin da ake zaɓar waɗanda aka riga aka sayar, can za ka ga gaskiyar kasuwa, kuma sau da yawa za ka tarar ba ta yi nisa da lissafin sikelinka ba.

Damfarar kuwa salonta bai cika canjawa ba. Wani zai kira ka ya ce akwai Bature ko Balarabe da zai saya miliyan hamsin, amma sai ka fara biyan kuɗin gwaji, ko na takardar shaida, ko na fito. Mai saye na gaskiya ba ya karɓar kuɗi a hannun mai sayarwa. Wani salon mutum biyu ne: na farko ya zo rumfarka yana cigiyar wani irin kwabo, ya ce ko nawa ne zai saya, ya bar lamba. Bayan kwana biyu sai ga wani kamar baƙauye da irin kwabon a ƙulle, wai gado ya ci yana neman na mota. Ka saya dubu ɗari biyar kana murna, ka kira lambar farko ka ji ta a kashe. Akwai kuma masu cewa wai akwai wani sinadari a cikin tsohon kuɗi ko tsohon dutsen guga da ake haɗa makamai da shi. Babu wannan sinadarin, ƙarfe ne kawai. Shi ma daim mai harafin D ɗin can, saboda tsadarsa an sha liƙa masa harafin ƙarya, don haka in wani ya kawo maka shi a Legas da arha, ka san cinikin biri a sama ake so ka yi.

Idan ka yanke shawarar sayarwa, ka fara warewa: na tagulla gefe, na azurfa da suka goge ko aka huda gefe, masu kyan jiki gefe. Ka auna a gida ko wajen wanda ba shi zai saya ba, ka rubuta nauyin. Ka ji tayin mutum uku aƙalla, maƙerin azurfa, mai sayen zinariya, da mai kayan gargajiya, kada ka gaya wa ɗaya abin da ɗayan ya taya sai ya faɗi nasa. Kada abin ya bar idonka da sunan za a kai wa oga ya duba. Masu kyan kuma ka naɗe kowanne daban a farar takarda, ka riƙa kama su ta gefe, ka nisanta su da danshi, wanda ku a kudu kun fi mu fama da shi.

Abu na ƙarshe da na ga yana haddasa rigima a gidaje shi ne gado. Idan a kayan mamaci aka samu, ba na wanda ya fara buɗe adakar ba ne, dukiya ce kamar gona da shanu, sai an auna an yi mata kuɗi a gaban magada kafin a raba ko a sayar. Kuma mai riƙe da su da yawa ya tuna nisabin azurfa dirhami 200 ne, wanda malamai ke ƙiyastawa da giram 595. Babbar dala 26 ta kai wannan, sulallan 1913 zuwa 1919 kuma wajen guda 114. Wanda abinsa ya kusa haka, ya ɗauki nauyin da ya rubuta ya je wajen malamin unguwarsu a yi masa lissafin zakka.